Giginyar Gaya da tarihin masu yi mata gayya

Duk wanda ya bi hanyar Dosso zuwa Gaya, ya karkata gabas wajen Yelu, Bana ko Bengu, zai ga abin da ba kasafai ake gani a Nijar ba: giginya tsaye dubbai, daga bakin hanya har inda ido ya gaji, ga gero da dawa da rake a ƙarƙashinta. Wannan shi ne dajin giginya na Dallol Mauri da bakin kogin Kwara, wanda ake ƙiyasta faɗinsa da hekta 30,000 ko fiye kaɗan, kuma babu kamarsa a duk faɗin ƙasar. Dalilin zamansa a nan ba ɓoyayye ba ne. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, sannan dallol tsohon kwari ne da ruwa ya daina gudu a cikinsa amma bai yi nisa da saman ƙasa ba. Giginya kuwa ƙafarta na son danshi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, yaranmu sun san muruci, sun san azarar da ke rufe da ɗakin da suke kwana, amma da wuya ka sami ɗan makarantar da zai iya gaya maka wa ya dasa giginyar, wa ya hana a sare ta, ko me ya sa aka yi wani zamani da manomi ke ganin tsironta a gonarsa ya sa fartanya ya kashe shi da gangan. Littattafan tarihi da muke koyarwa da su cike suke da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Itace bai sami shiga ba. Ga masu karatu daga Najeriya, ba Gaya ta jihar Kano nake nufi ba. Tamu Gayar ita ce ta ƙasar Dandi, wadda ke kallon Malanbil ta Benin a tsallaken kogi, Kamba ta jihar Kebbi kuma na gabas da ita. Sunan garin bai da alaƙa da gayya ta aikin taimakon juna, kunne ne kawai ke jin su kusa, amma a tarihin wannan daji sun haɗu.

Sai an san halin itacen kafin a fahimci rigimar da aka yi a kansa. Giginya akwai namiji akwai mace. Macen ce ke 'ya'ya, kowane ɗa da ƙwallo har uku a ciki. Namijin kuma shi magina suka fi so, don katakonsa ya fi tauri, gara ba ta cinsa, azararsa kan daɗe fiye da wanda ya yi ginin. Karinta ana saƙa da shinge da shi, 'ya'yan a sha, ƙwallon a binne ya yi muruci. Aibinta ɗaya, rashin sauri. Ƙwallon da ya tsira yakan yi shekaru yana 'yan ganyaye a ƙasa, ba gangar jiki, duk saniyar da ta wuce ta ci, duk wutar daji ta lashe. Kafin ya kai a fasa shi azara kuwa sai an yi shekaru gommai. Wanda ya dasa giginya ba shi zai rufe ɗaki da ita ba, sai ɗansa ko jikansa. Kuma ba kamar sabara ko kalgo ba, idan aka sare giginya ta tafi ke nan, kututturenta ba ya toho.

Shin wannan daji tsohon daji ne? Ya danganta da abin da ake nufi. A Ingila suna da ma'auni: duk wurin da aka tabbatar yana da itatuwa ba yankewa tun shekarar 1600, shi suke kira tsohon daji, kuma abin da ya rage musu bai kai kashi 3 cikin 100 na ƙasar Birtaniya ba. A can 'yan sa kai kan fita ranar hutu su yi sassabe, su tumɓuke baƙin tsirrai, a ƙarƙashin ƙungiyoyi irin su Woodland Trust da aka kafa a 1972. Abin da ya ja hankalina shi ne masanansu sun yarda cewa dazuzzukan nan ba don an ƙyale su suka rayu ba, sun rayu ne don an yi ɗaruruwan shekaru ana sara ana barin toho bisa ƙa'ida. Haka namu yake. Dajin giginya na Gaya ba ƙungurmin daji ba ne da mutum bai taɓa shiga ba, gona ce da itace a haɗe. Masana na cewa giwa na daga cikin masu yaɗa ƙwallon giginya, tana haɗiye ɗan ta kasayar da shi a wani wuri, kuma har yanzu akwai giwaye a gandun W da ke sama da mu ta kogi. Amma mutum ma ya yi nasa, ya sha ya yar, ya binne ya manta, ya yi noma ya kewaye tsiro. Mutane sun daɗe a waɗannan kwaruruka. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa kwarin Foga a 1853, kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Say, ya tarar da masu dafa gishiri suna kan sana'arsu, kuma dafa gishiri ba ya yiwuwa sai da itacen wuta.

Kafin zuwan Turawa, itacen da ke cikin gona na gidan da ke noman gonar ne, na daji kuma yana ƙarƙashin idon mai gari da masu ƙasa. Ba ina cewa zamanin nan aljanna ba ne, an yi yaƙi, an yi yunwa, an yi sara. Amma mai itace sananne ne. Ko a Damagaram ana ba da labarin tsananin da Sarki Tanimun ya yi a ƙarni na 19 a kan masu saran gawo, wanda ke nuna cewa hana sara ba Bature ne ya kawo mana shi ba.

Abin da Bature ya kawo shi ne raba itace da mai gona. Ranar 4 ga Yuli 1935 Faransa ta fitar da dokar daji ta ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Dokar ta ce duk dajin da ba shi da mai shi na hukuma ne, kuma hukuma ce ke faɗin wanda ba shi da mai shi. Ta ba da ikon keɓe gandu, ta kuma ware wasu itatuwa da ba a taɓawa sai da izini ko da a gonarka suke. A daidai wannan lokaci wani masanin daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya tayar da ƙura da cewa Sahara na gangarowa kudu za ta cinye Arewacin Najeriya. Maganar ta kai har aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa, wanda ya bi iyakar Nijar da Najeriya a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga hamadar na tafiya yadda Stebbing ya faɗa ba, amma ya ɗora laifin lalacewar daji a kan sassabe da ƙuna da kiwo, wato a kan talaka. Cikin 'yan kwamitin har da André Aubréville, wanda littafinsa na 1949 ya yaɗa kalmar da muke fassarawa da kwararowar hamada. A 1937 ɗin nan aka keɓe gandun Goru Basunga, dab da garin Gaya, mai faɗin kusan hekta 10,000.

A tuna cewa a shekarun nan aikin tilas na nan daram, ba a soke shi ba sai 1946. Wanda aka kama ya yi share hanya ko shingen gandu ba da son ransa ba, ba za a ce masa ya yi gayya ba. Gayya kuwa kowa ya san ƙa'idarta: mai gona ya kira, a zo da kalangu, a yi fura, a gama a watse, gobe kai ma ka kira a zo maka. Ginshiƙinta shi ne kowa ya san gonar wa ake nomawa. Daga ranar da aka ce daji na gwamnati ne, babu wanda ya sake ganin dalilin kiran gayya a kansa.

'Yancin kai na 1960 bai sauya wannan ba. Dokar daji ta Nijar ta watan Maris 1974 ta gaji ta Faransa kusan layi da layi, ta jera itatuwan da aka haramta taɓawa, giginya da gawo na ciki. A gefe guda kuma birane na girma, Yamai na buƙatar azara, an gina gadar Gaya da Malanbil tun 1958, manyan motoci na kai da kawowa. Mai kuɗi daga nesa zai je ofishin ruwa da daji ya yanki takardar izini, ya zo da masu gatari, ya kayar da giginya a tsakiyar gonar wani, ya loda ya tafi. Mai gonar kuma in ya sari kari ɗaya don gyaran shingensa, tara. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, kuma ban san wani wuri da karin maganar ya zauna daidai kamar nan ba.

Wani dattijo a ƙasar Bengu ya taɓa yi mini bayanin abin da ya biyo baya cikin 'yan kalmomi. Na tambaye shi, Baba, me ya sa a wasu gonaki sai manyan giginyoyi kawai, babu matasa? Ya ce, Malam, in ka bar ɗan giginya ya girma ka jawo wa kanka baƙo mai kaki, in ka kashe shi tun yana ganye biyu ba wanda ya gani. Wannan ba jahilci ba ne, lissafi ne. Doka ta mai da itacen ya zama abin tsoro, sai manomi ya kare kansa. Har yau mai lura zai iya karanta wannan tarihi a jikin dajin, akwai wuraren da tsara guda ta giginya ta ɓace, kamar garin da aka yi annobar yara. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka ƙara, mutane da dabbobi daga arewa suka gangaro inda ke da sauran danshi.

Gwamnatin Seyni Kountché ta ga matsalar, ta kuma nemi magani ta hanyar aikin jama'a. An farfaɗo da samariya, an mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace tun 1975, sannan a watan Mayu 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Ba zan raina wannan ba, yawancin dogon yaron da muke fakewa a ƙarƙashinsa a makarantu da bakin tituna daga wannan zamani ya fito. Sai dai a ganina an yi gayya ba a faɗi mai gona ba. Matasa sun dasa, an yi kiɗa, an tafi, akuya ta zo. A jihar Maraɗi ne aka fara gano bakin zaren, inda Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya lura a 1983 cewa kututturan da ke cikin gonaki ba matattu ba ne, in aka rage tohon aka bar biyu ko uku sai su zama itace. Abin da manoma suka sa wa suna sassaben zamani ke nan. Bai bazu ba sai da manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram.

A Gaya dabarar toho ba ta aiki a kan giginya, don na riga na ce ba ta toho. Nan sai ƙwallo da haƙuri. Ƙasar Suwis ta fara tallafa wa aikin raya dajin tun ƙarshen shekarun 1970, kuma zangon farko ya bi tsohon salo: ma'aikata, ƙidaya, tsaro, dashe a kan lada. A shekarun 1990 aka juya akalar, da shirin da aka fi sani da PAIGLR, wanda aka gudanar tare da ƙungiyar kare halittu ta duniya UICN. Sauyin ya zo daidai da sauyin dokoki, wato dokar kasuwannin itace na karkara ta 1992, da kundin dokokin karkara na Maris 1993, daga baya kuma sabuwar dokar daji ta Yuni 2004 wadda ta maye gurbin ta 1974. Abin da aka yi a taƙaice shi ne mai da wa ƙauyuka ikon kula da giginyar ƙasarsu. Aka kafa kwamitocin gari, aka zaɓi 'yan sintiri daga cikin mazauna, aka tsara cewa sara sai wanda aka ware, galibi matattu da tsofaffi, kuɗin azara kuma a raba, wani kaso ya zauna a asusun gari.

A nan ne gayya ta dawo. Aikin kansa ba mai ban mamaki ba ne, shi ya sa ba a rubuta shi a littafi. Ana tara ƙwallo lokacin da 'ya'ya suka faɗo. Da damina ta sauka a fita layi, wani na sara rami wani na jefawa yana takewa. Bayan girbi a share hanyar wuta don kada ƙuna ta tsallaka. A kewaye ƙananan da ƙaya. A zaga da dare in an ji ƙarar gatari. Manomi kuma in yana huɗa ya karkatar da garma ya bar tsiro. Wannan na ƙarshen shi ne mafi girma a wurina, don ba kwamitin da zai iya tilasta shi, kuma shi ne ainihin abin da dokar 1935 ta kashe. Duk inda ka ga matasan giginya masu tsawon mutum biyu ko uku a tsakiyar gona a yau, akwai wanda ya karkatar da garma shekaru ashirin ko talatin da suka wuce.

Ba komai ne ya tafi daidai ba, kuma bai kamata mu koya wa yara labari mai gefe ɗaya ba. Inda aka saba da ɗan abin alawus na taro, da shirin ya ƙare sai ƙafa ta ɗauke. Kwamiti kan faɗa hannun masu faɗa a ji, mata da makiyaya su zama 'yan kallo, alhali mata ne ke riƙe da sana'ar muruci, Fulani kuma su ne dabbobinsu ke ratsa dajin da rani. Dokar da aka yanke ba da su ba, ba za su ɗauke ta tasu ba, kamar yadda mai gona bai ɗauki ta Bature tasa ba.

Maganar muruci ma tana son a tsaya a kanta, don ita ce ta shafi kowane gida. Muruci jaririn giginya ne. Ana tara ƙwallo a binne a wuri ɗaya, bayan wasu watanni a tone, a dafa, a kai kasuwa, har Dosso da Yamai da tsallaken iyaka. Duk murucin da ka ɓare ka ci, giginya ce da ba za ta tsaya ba. Amma kuma da kuɗinsa uwa ke sayen littafi da takalmi da sabulu, kuma ni ba zan tsaya gaban aji in ce wa yaro sana'ar uwarsa laifi ce ba. Giginya mace na zubar da 'ya'ya da yawa, sun isa a ci a kuma bar iri. Matsalar na tasowa ne in aka tsince ƙasa tas, ko aka kakkaɓo tun ba su nuna ba. Abin da ake buƙata ƙa'ida ce irin ta manomi da ba ya cinye irin shukarsa ko yunwa ta yi tsanani.

A 2004 an sa Dallol Mauri cikin jerin wurare masu dausayi na yarjejeniyar Ramsar. Suna ne mai kyau a takarda, amma ba ya hana gatari. Matsin da ke kan dajin a yau ya fi na da. Mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne a 1960, ƙidayar 2012 ta ba da sama da miliyan 17, kuma kowa na son gona da rufin ɗaki. Gandun Goru Basunga, da yake a bakin gari, gonaki da masu neman itacen wuta sun daɗe suna cin gefensa. Tun da aka rufe gadar Malanbil a 2023 kuma, samari da yawa da ke ci daga lodi da saukale da zirga-zirgar iyaka sun rasa abin yi, kuma kowa ya san inda mai neman na cefane kan nufa in kasuwa ta mutu.

Ga 'yan'uwana malamai, akwai abin da ke hannunmu wanda ba ya buƙatar kuɗin Suwis. Ranar 3 ga Agusta tana faɗowa cikin babban hutu, shi ya sa itacen da aka dasa a farfajiyar makaranta kan mutu kafin a koma aji a Oktoba, ba mai ban ruwa, ba mai korar awaki. Ƙwallon giginya bai damu da hutu ba. In aka binne shi da farkon damina, kafin a rufe makaranta, zai yi aikinsa a ƙarƙashin ƙasa shi kaɗai, abin da yake so daga baya shinge ne. Kowane aji na iya ɗaukar layi guda a bayan makaranta ko a filin da mai gari ya ba da, a rubuta sunan ajin da shekarar, a ƙirga abin da ya tsira kowace shekara. Ga darasin lissafi, ga na kimiyya. Na tarihi kuma ya fi sauƙi: a tura yara su tambayi kakanninsu wa ke da giginyar gonarsu a zamanin Diori, wa ke da ita a zamanin Kountché, wa ke da ita yanzu, su rubuto amsar da Hausa ko Dandanci ko Fulatanci yadda aka faɗa musu. Waɗanda suka biya tara a shekarun 1970 da waɗanda suka yi sintirin farko a shekarun 1990 suna nan da ransu a Bana da Tunuga da Tanda, amma sun manyanta.

Iyaye kuma nasu ya fi namu nauyi, don gonar tasu ce. Yaron da aka ba garmar shanu yana ɗan shekara goma sha biyu, abin da ya ga ubansa na yi da tsiron giginya shi zai yi. Sannan kafin a kira kowace gayyar dashe, ko ta makaranta ko ta gari, a zauna da mai gari da magajin gari da ma'aikacin daji a rubuta a takarda wa zai mallaki itatuwan in sun girma, wa zai tsinci 'ya'yan, wa zai sari kari, a kuma ajiye kwafi ɗaya a ofishin shugaban makaranta.